Daga Rumbun Imel Zuwa Takarda: Lacca a Taron Ɗaliban Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa



Sa'ad da kwamitin tsare-tsare ya ɗora mana nauyin yin magana a wannan zama, wasu 'yan'uwa sun zaci za mu tsaya ne a kan tallafin karatu, ko kuwa a kan halin tsaro da ake ciki a gida, tun da yake su ne suka fi ci wa kowa tuwo a ƙwarya. Da suka ji cewa batun littafin adireshi za mu yi, sai wani ya kada baki ya ce ashe yau laccar sakatarori ce, bari ya tafi ya yi wanki. Ba mu ga laifinsa ba. Amma muna roƙon waɗanda suka zauna su ba mu aron kunne na ɗan lokaci, domin muna fatan nuna cewa wannan ƙaramin al'amari yana da reshe a cikin manyan nan biyu da aka so mu yi magana a kansu.

Abin da muke nufi da littafin adireshi shi ne jerin sunayen nan da ke cikin akwatin imel na ƙungiyarmu, wanda kowane sakatare yake gadonsa daga na gabansa, kamar yadda ake gadon gona. Kowa ya zo ya ƙara shuka, ba wanda ya taɓa yin noma. Yau ga shi ya zama kurmi. Tambayar da muke so mu amsa ita ce: idan bukata ta taso ta a tsamo mutum arba'in ko ɗari daga cikin wannan kurmi, a fitar da su a kan takarda, yaya za a yi, su wa za a tsamo, kuma a hannun wa takardar za ta kwana?

Yayyenmu da ke zaune a nan, waɗanda suka yi karatu a Zariya da Kano tun ƙasar Katsina tana cikin Jihar Kaduna, watau kafin 1987, za su tuna da yadda ake yi a da. Sakatare yana da littafi guda mai bangon kwali, ya ja layi da rula, ya rubuta suna da gari da lambar akwatin gidan waya. Mafi yawan mutanenmu ba su da akwatin kansu, saboda haka wasiƙa takan bi ta hannun hedimasta, ko magatakardan hakimi, ko wani mai kanti a Funtuwa. In abin na gaggawa ne sai a nemi direban da zai bi hanyar Sheme ko ta 'Yankara a damƙa masa. Wannan littafi yana da nauyin ɗauka, yana jin ruwa, gara tana iya cinye shi, amma yana da wata fa'ida da muka manta da ita: duk wanda ke ciki, sakatare ya san gidansu. Daga 2001, da wayar hannu ta shigo Nijeriya, sannan imel ya yaɗu a jami'o'i, sai lamba da adireshin imel suka kori sunan unguwa. Muka sami sauri, muka yi asarar sanin ƙofar gida.

To, me ya sa za a koma wa takarda alhali kome yana cikin na'ura? Dalilai biyu ne, kuma dukansu a ƙasarmu suka faru, a kan idonmu, da yawa daga cikinmu muna sakandare a lokacin.

Na farko shi ne daren Juma'a, 11 ga Disamba, 2020, da 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. Makaranta ce mai ɗalibai sama da 800. Yara sun watsu cikin duhu, wasu sun haura katanga sun faɗa daji, wasu sun zarce gidajen iyayensu ba tare da sun sanar da kowa ba. Kwanaki aka yi ana ta ƙirga, ana neman sanin wa ya dawo, wa bai dawo ba. Gwamnan lokacin, Alhaji Aminu Bello Masari, ya ba da adadin 333 a matsayin waɗanda ba a gani ba, sa'an nan da Allah ya kuɓutar da su ranar 17 ga wata, sai aka ƙirga 344. Ba muna kawo wannan ne don mu ɗora wa wani laifi ba, domin a irin wannan dare ko wa aka ba alƙalami hannunsa sai ya yi rawa. Muna kawo shi ne don mu tuna cewa akwai ranar da jerin sunaye yakan tashi daga aikin ofis ya koma abin da uwa take jira a bakin ƙofar makaranta.

Na biyu kuwa shi ne abin da ya biyo baya a 2021. A ƙarshen watan Agusta gwamnatin jiha ta fitar da dokar tsaro, wadda a cikinta aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka ce su zagaya ta Funtuwa. A watan Satumba kuma aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, kuma ukun nan namu duk suna ciki. Watanni aka shafe ba kira, ba saƙo, ba intanet. Wanda adireshinsa suke cikin akwatin imel, ba kan wayarsa ba, ya zama kamar mai rumbu cike da dawa wanda makullinsa ya faɗa rijiya. Wanda kuma suke kan wayarsa, lamba kurum yake da ita, ita kuwa lamba ba ta kai mutum ƙofar gidan kowa. A wannan lokaci ne aka koma wa tsohuwar zuma, watau aike ta hannun direba da ɗan kasuwa da mai babur, kuma wanda zai aika dole ya san gari, ya san unguwa, ya san wa za a tambaya in an isa. Ko a yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibai sun watse cikin ƙauyuka, wasu sun sauya layi, wasu wayar ma an sayar an sayi taki, kuma nemo su ya zama aiki.

Yanzu bari mu shiga cikin kurmin kansa. Abu na farko da ya kamata a sani shi ne yadda ya yi ya cika haka. Gmail, wanda shi ne muke amfani da shi, yana da ɗabi'ar ajiye adireshin duk wanda aka taɓa aika wa saƙo, ko da sau ɗaya ne, ya tara su a wani sashe dabam. Haka nan kuma duk sakataren da ya taɓa saka akwatin ƙungiya a wayarsa, lambobin da ya ajiye suna iya kwararowa ciki, har da na telansa da na mai wankinsa. Rumbun kuwa yana da faɗi, yana ɗaukar har suna 25,000, saboda haka ba ya taɓa yin ƙorafi. Da yana cika da wuri, da tuni an tilasta mana yin shara.

Mai gaggawa zai ce ai abin mai sauƙi ne, a rubuta sunan gari a gurbin bincike, 'yan garin su fito. Mun gwada, kuma a nan ne harshenmu ya yi mana wasan 'yar burum-burum. Da muka rubuta Sabuwa, sai ga duk wanda aka taɓa ajiye wa suna da "sabuwar lamba" ya fito, daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, 'yan Sabuwa na gaskiya kuwa suka nutse a cikinsu. Da muka rubuta Ƙanƙara, mutumin da ya zo a sahun gaba shi ne mai ƙanƙarar da aka sayi ƙanƙara a wurinsa ranar walimar yaye ɗalibai, ga shi kuma wasu an rubuta garin nasu da ƙa mai lanƙwasa, wasu da ka marar lanƙwasa, kowanne da inda yake faɗawa. Faskari ita ma da tata matsalar. Al'adarmu ce ɗalibi ya ɗauki sunan gari ya maƙala a ƙarshen nasa, don haka bincike yakan kawo wanda aka haifa a Kaduna, bai taɓa kwana bakwai a jere a Faskari ba, ya bar ɗan Daudawa da ɗan Maigora da ɗan Ruwan Goɗiya, waɗanda sunan ƙaramar hukumar bai fito a sunansu ba. Ga kuma rikicin rubuta suna ɗaya ta hanya huɗu, Muhammad da Muhammadu da Mohammed da Mamman, har mutum guda ya zama jama'a.

Ashe ke nan aikin zaɓe ba a ranar bugawa ake yinsa ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Maganin shi ne laƙabi. Littafin adireshin Google yana ba da damar a ƙirƙiri laƙabi a liƙa wa suna, kuma suna ɗaya yana iya ɗaukar laƙabi da yawa. Mu dai shawararmu ita ce kowane ɗalibi ya sami uku: na ƙaramar hukuma, na gunduma, da na shekarar shiga jami'a. Ɗan Ƙetare ya sami Ƙanƙara da Ƙetare da shekararsa, ɗan Damari ya sami Sabuwa da Damari da tasa. Kafin a fara liƙawa sai a bi ta sashen da ke haɗe sunayen da suka maimaitu, amma a bi shi da ido buɗe, kada a danna a haɗe duka gaba ɗaya, domin a ƙasar da kowane aji yake da Abubakar biyar, na'ura tana iya ɗaura wa baƙi biyu aure. In an yi kuskure, akwai damar mai da littafin yadda yake a baya, muddin ba a wuce kwana 30 ba. Sa'an nan a cike gurbin adireshin gida, wanda a yawancin sunayenmu fayau yake: gari, unguwa, da kuma wanda za a bi ta hannunsa.

Idan an gama wannan, sauran aikin ɗan kaɗan ne. A kwamfuta za a yi shi, ba a waya ba. Mutum ya buɗe laƙabin da yake so, ya sa alama a 'yar akwatin da ke gefen suna ɗaya, daga nan ya zaɓi duka, ko kuwa ya bi ɗaya bayan ɗaya yana sa wa waɗanda yake bukata. Sai ya nemi ɗigo ukun nan da ke sama, a ƙarƙashinsu akwai umarnin bugawa da na fitarwa. Masu amfani da tsohon Outlook na kan kwamfuta su kuma sukan danne maɓallin Ctrl suna tsintar sunaye, ko su danne Shift su kwashi jeri guda daga wannan suna zuwa wancan, sannan a wajen bugawa su tabbata sun ce waɗanda aka zaɓa kaɗai. Wanda ya manta da wannan gargaɗi na ƙarshe zai tsaya yana kallon firinta tana amayar da littafin baki ɗayansa, mai shago kuwa yana ƙirga shafi yana murmushi.

Mu dai ba mu goyi bayan bugawa kai tsaye ba, saboda takan fito da duk abin da ke ƙarƙashin suna, da wanda ake so da wanda ba a so, kuma tana cin takarda. A ɗauka sunaye 400 ne za a buga. In kowane shafi ya ɗauki 8, an tashi da shafi 50. In kuwa aka jera su cikin jadawali, layi 40 a shafi, shafi 10 ya wadatar. Hanyar da muka fi so ita ce a fitar da zaɓaɓɓun sunayen cikin fayil irin wanda ake kira CSV, a buɗe shi da Excel, a share ginshiƙan da ba a bukata, waɗanda suna da yawan gaske, a bar huɗu ko biyar, a jera su bisa gunduma, sa'an nan a buga.

Sai dai a wannan hanya akwai ramuka biyu, kuma mun faɗa cikin dukansu. Na ɗaya, Excel yana ɗaukar lambar waya a matsayin adadin lissafi, shi kuwa a lissafi sifilin farko ba shi da daraja, sai ya jefar da shi. Lambar da ta fara da 0803 sai ta koma 803, alƙaluma 11 su zama 10. Wadda aka rubuta da 234 a gaba kuwa, mai alƙaluma 13, sai ya dunƙule ta ya mai da ita wani abu mai ɗigo da harafin E, irin na ɗaliban kimiyya. Na biyu, haruffanmu masu lanƙwasa, ɓa da ɗa da ƙa, suna iya rikiɗewa su zama zane marar ma'ana, har Ɗahiru ya kasa gane kansa. Maganin duka biyun ɗaya ne: kada a buɗe fayil ɗin da dannawa sau biyu. A buɗe Excel tukuna, a shigo da fayil ɗin ta hanyar shigo da bayanai, a zaɓi tsarin haruffa na UTF-8, a kuma gaya masa cewa ginshiƙin lamba rubutu ne, ba adadi ba. Kafin a buga duka a buga shafi ɗaya, a kira mutum biyu ko uku daga ciki don a tabbata.

Yanzu mun iso inda maganar ta fi nauyi, kuma muna roƙon shugaban taro ya ƙara mana minti biyar. A zangon da ya wuce mun kai wani jeri wani shagon kwamfuta a bakin titi don a buga mana. Shafuka biyu suka fito da dishi-dishi, mai shago ya ajiye su gefe ya sake buga wasu, mu kuma muka karɓi masu kyau muka yi gaba. Bayan kwana uku wata 'yar'uwarmu ta sayi ƙosai da yamma, tana warware ƙunshin sai ta ga sunanta, da lambarta, da sunan unguwarsu, mai ya jiƙa su. Ta kawo mana takardar ba ta ce uffan ba, ta ajiye a gabanmu. Ba mai shago ne ya ci amana ba, shi takardar banza ya gani ya bayar. Mu ne aka ba amana muka bar ta a kan benci.

A wani wuri wannan abin dariya ne. A wurinmu ba haka ba ne. Duk wanda ya fito daga Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara ya san cewa masu satar mutane ba duba suke yi ba, labari ake kai musu: gidan wane, ɗan wane, yana jami'a, ran kaza zai dawo hutu. Takarda guda mai ɗauke da suna da unguwa da lambar uba ta rage wa mai kai labari rabin aikinsa. Saboda haka ne wasu daga cikin 'yan kwamiti suka ce kada a buga kome sam, a bar kome cikin na'ura a bayan kalmar sirri. Mun saurare su, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Amma mun lura da abu biyu. Kalmar sirrin akwatinmu ta bi ta hannun sakatarori da mataimakansu shekara da shekaru ba a sauya ta ba, watau ƙofar da ake ganin a kulle take, makullanta suna aljihun mutanen da wasunsu ko sunansu ba mu sani ba. Sa'an nan kuma abin da ya faru a 2021 ya nuna cewa ranar da aka fi bukatar littafin ita ce ranar da na'ura ba za ta buɗu ba. Ra'ayinmu shi ne a buga, amma a buga kaɗan, a raba, a kuma san wa ke riƙe da me.

Doka ma tana wajen wannan ra'ayi na taƙaitawa. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman don wannan aiki. Daga cikin ginshiƙanta akwai cewa a karɓi bayanin mutum don wata manufa sananniya, kada a karɓi fiye da abin da manufar take bukata, kada a juya shi zuwa wata manufar dabam, kuma a tsare shi. Wannan ya shafi wani abu da ba mu son faɗa amma dole ne. Ƙananan hukumomin nan uku mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma duk kakar zaɓe akan sami masu zuwa suna neman "jerin ɗalibanmu" da sunan za a ba da tallafi. Wanda ya ba mu lambarsa don a sanar da shi taro ko rasuwa bai ba mu ita don a miƙa wa ɗan takara ba, ko na wace jam'iyya ne. In tallafi ne da gaske, a sanar da ɗalibai, mai so ya kai sunansa da ƙafarsa. Haka nan in za a aika saƙo ga jama'a da yawa, a zuba adireshinsu a layin Bcc, watau ɓoyayyen kwafi, domin kada kowa ya ga na kowa. 'Yan'uwanmu mata sun sha kawo kukan kiran dare daga mutanen da ba su sani ba, kuma in aka bi sawu sau da yawa a irin wannan sakaci ake tsayawa.

Ga abin da muke gabatarwa ga wannan zama, a amince ko a gyara. Kowace gunduma ta sami wakili ɗaya, a ba shi shafin gundumarsa kaɗai, ɗan Pauwa kada ya riƙe na Gazari. Cikakken kwafi ya zama guda biyu rak, ɗaya wurin sakatare, ɗaya wurin uban ƙungiya, kowane shafi da lambarsa da sa hannun wanda ya karɓa. Abin da zai hau takarda shi ne suna, da gari da unguwa, da lambar ɗalibi, da sunan wanda za a bi ta hannunsa. Sana'ar uba, da sarautarsa, da ranar haihuwa, da hoto, duk ba su da gurbi. Lambar 'ya mace ba za ta hau ba sai ita da kanta ta yarda, in ta ƙi kuwa a sa ta wakiliyar mata a madadinta. Wanda zai kai bugawa ya tsaya a kan mai shago har a gama, ya kwashe shafukan da suka lalace, ya ga an goge fayil ɗin daga kwamfutar da kwandon shararta, kuma kada ya tura shi ta WhatsApp ɗin mai shago. Farkon kowace shekarar karatu a karɓi tsofaffin shafuka a ƙone su kafin a ba da sababbi, a kuma sauya kalmar sirri duk ranar da aka sauya sakatare.

Aikin liƙa laƙabi shi ne mai cin lokaci, kuma ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Muna neman mutum biyu daga kowace ƙaramar hukuma, waɗanda suka san ƙauyukansu, su zauna da mu ranar Asabar biyu masu zuwa bayan sallar Azahar. Takardar da za ta zagaya yanzu tana da gurbi huɗu, da wani ɗan fili a ƙarshe inda kowa zai rubuta "na yarda" ko "ban yarda ba". Wanda ya cike kada ya miƙa wa na kusa da shi, ya ninke ta ya kawo teburin nan da kansa.

 Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da waɗanda ke hannu gidajensu.